Farar Lamba

Zuwa ga ƙanena Tae-gyun,

Bayan gaisuwa, yaya Umma da ciwon gwiwarta? Yaya matarka Hye-rin da yara?

Ni ƙalau nake a nan Japan. Sanyin kamfanin kifin da nake wa aiki bai dame ni ba, yatsu biyu ne kawai suka daina ji. A aiko min da safar hannu mai kauri.

Na ga saƙonka. Wai wa'adin hayar baƙar motar kamfaninka ya cika, ka rasa abin yi: ka riƙe ta ko ka karɓi sabuwa. Sannu da wahala, ranka ya daɗe! Ni mai tura keke cikin ƙanƙara kake neman shawarata?

Ka ce yanzu motar alfarma ta kamfani, lamba mai launin ganye ake liƙa mata. Tsohuwar kuwa farar lamba gare ta, shi ya sa surukanka suke zaton taka ce. Wallahi raina ya so in ce ka canza, duk garinmu Daegu su san gaskiya.

Amma riƙe ta, Allah ya tsare hanya. Umma ta gaya wa 'yan cocinsu ɗanta ya sayi mota, kuma ba ta faɗi wanne daga cikinmu ba.

Yayanka,
Seok-ju