Ƙanena da na'urar ƙas-ƙas za su raba ni da kujerar ganga

Assalamu alaikum Malama. Don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya mini a rai, kuma ban iya faɗa wa kowa a gida ba.

Ni makaɗin ganga ne a wata ƙungiyar kiɗa, na daɗe ina wannan sana'a. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na koya masa riƙe sanda. Gida ɗaya muke da iyalanmu, bango ne kawai tsakanin ɗakina da nasa. Bara ya sauke wata manhaja a waya, metronom ake ce mata, ba abin da take yi sai ƙas, ƙas, ƙas, ita ce wai mai tsare lokaci. Kullum da yamma sai ya zauna yana bin ta a hankali kamar mai koyon tafiya, hannun dama na buga uku, na hagu na buga biyu, su haɗu a bugun farko. Na yi masa dariya har da riƙe ciki. Ni na laƙaba masa suna Ƙas-ƙas, yanzu har matarsa da shi take kiransa.

To, ga shi ogan ƙungiyarmu ya samo mana aikin naɗar waƙoƙi a situdiyo. Ashe a can sai an saƙala maka wannan ƙas-ƙas ɗin a kunne ka bi shi. A gwajin farko mai naɗar sauti ya yi ta tsayar da ni, wai ina gudu in an zo amshi. Ni! Da oga ya ce ƙanena ya gwada, bugu ɗaya ya wuce, kowa na gyaɗa kai. Wallahi Malama ji na yi kamar in fasa gangar. Na yi murmushi na ce masa sannu, amma raina baƙi ƙirin. Oga ya ce za a sake gwaji ƙarshen wata, wanda bugunsa ya zauna daidai shi ke da kujerar ganga.

Na sauke manhajar a ɓoye. Ina kulle ƙofa, in rage mata murya sosai don kada ya ji ta bango, in sa ta da sauri don ni ba ɗan koyo ba ne, in yi ta dukan matashin kai. Hannuwana sai su riƙa bin juna, ukun ta koma biyu. Kuma ina zarginsa da wayo, domin na sha kasa kunne a bango: da ya fara bugu sai ƙas-ƙas ɗin ya ɓace ɗif, da ya tsaya ya dawo. Ba kashe ta yake yi ba kuwa don a ce ya iya? In gaya wa oga? Ba na son ganin ƙanena a kujerata, na faɗi gaskiya.

Naki, Tsohon Hannu.

Wa alaikumus salam Tsohon Hannu.

Na gode da ka kira abin da ke damunka da sunansa. Kishi ne, kuma ba abin mamaki ba ne mutum ya ji zafi in wanda ya koya wa aiki ya zo gab da kujerarsa. Shekarun da ka yi kana kiɗa ba su tafi a banza ba. Amma shi ma ƙanenka ya sha dariyarka bai daina zama da wayarsa ba, ka ba shi haƙƙinsa.

Kada ka kai wa oga wannan magana, za ka ji kunya. Na tambayi wani malamin kiɗa, ya ce in sanda ta faɗi daidai kan bugun na'urar, ƙarar ganga ce ke rufe ta, sai a daina jin ta. Abin da ka jiyo ta bango ke nan. Ƙanenka bai kashe komai ba.

Ga abin da malamin ya ce ka yi. Ƙara mata murya, domin ba za ka bi abin da ba ka ji ba. Rage mata gudu har sai ta gundure ka. Fara da raba kowane bugu gida biyu, sannan uku, sannan huɗu, kana ƙirgawa da baki. Don uku a kan biyu, ƙirga shida tsakanin ƙas da ƙas: dama ta faɗi a ɗaya, uku da biyar, hagu a ɗaya da huɗu. Kada ka ƙara sauri sai hannuwan sun daina leƙen juna.

Ban yi maka alkawarin kujerar ba, mai yiwuwa wannan karon shi zai zauna. In haka ta faru, hannun da ka koyar ne zai yi bugun, ka je ka saurara. Amma kafin ƙarshen wata, wanda ya fi kowa iya gyara maka yana bayan bangon da kake kasa kunne. Buɗe ƙofar, ka kira shi da sunansa na gaskiya, ka ce ya zo da wayarsa.

Allah ya daidaita hannunka, ya bar zumunci tsakaninku.