Lemar da Ba a Buɗe Ba

Ranar Litinin

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya ƙafar nan taka? An ce mini har yanzu kana hawa tsani kana zana wa masu shaguna allo, alhali likita ya hana. Baba, don Allah ka bar wa masu sauran ƙarfi. Tunda na san Yaya ce za ta karanta maka, to Yaya, sannu da ƙoƙari, a gaida maigidanki da yara.

Ni lafiyata ƙalau, sai dai kundin nan ya sha mini kai. Ka sha tambayata wane irin karatu ne wannan da aka shekara uku bai ƙare ba. Ga shi a taƙaice: labari ɗaya nake bi in ga yadda yake sauya kama, daga littafi zuwa fim, daga fim zuwa hoton tallar da ake kafawa a ƙofar sinima. Me marubuci ya faɗa, me mai shirya fim ya yar, me mai zane ya ɗauka. Na san za ka yi dariya ka ce ashe abin da kake yi da gwangwanin fenti shi ake ba mutane digiri a kansa.

Alfarma nake nema. Cikin tsofaffin hotunan da ka zana wa sinimar nan da aka rushe, waɗanda ke naɗe a saman sif, akwai na matar da ke tsaye a tashar jirgin ƙasa ruwa na dukanta. Na ɗauke shi a waya wancan zuwan, amma malamin da ke duba aikina yana son a ga ainihinsa ranar da zan gabatar da babi na huɗu gaban malamai. A naɗe shi cikin leda a ba direban da ya saba kawo mini saƙo.

Kada ka wahalar da kanka ka ce za ka zo. Surutun malamai ne tun safe har azahar, kujerun ma ba su da daɗin zama, zai gundure ka.

Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Farar Riga
(Har yau ban yafe wannan suna ba. Don yaro ba ya son fenti ya taɓa masa kayan makaranta, shi ke nan sai suna ya bi shi har jami'a?)

Ranar Alhamis

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan jiki da sauƙi. Hoto ya iso lafiya, na gode.

Yaya, kafin ki ci gaba: ki karanta masa wannan takarda duka. Na san halinki, in kin ga abin da zai sosa masa rai sai ki tsallake ki ce ai gaisuwa ce. Kada ki taƙaita ko layi ɗaya. In kin kai ƙarshe za ki gane dalili.

Baba, wannan ce takarda ta huɗu da na fara, sauran ukun suna kwandon shara. Kunya ce ta hana ni kiranka a waya.

Shekaranjiya aka yi taron. Na kafa hotonka a jikin allo da ƙusa huɗu, ɗalibai suka yi cincirindo a gabansa, har wani yana taɓa ruwan saman da ɗan yatsa wai ya ji ko da gaske ya jiƙe. Da mai hankali ne ni, da nan na ce na Babana ne. Ban ce ba. A kundin ma babu sunanka. Ga abin da na rubuta, kuma na karanta da bakina gaban mutum kusan arba'in:

“Mai zane na uku, wanda bai yi karatu ba, ya ɗora wa matar lema a hannu, abin da babu shi a fim, babu shi a littafi. Bai ma buɗe mata ita ba, ga ruwa yana zuba. Wannan ya nuna yadda jahilcin mai zane kan yi wa labari ƙarin gishiri har ya ɓata shi.”

Haka na rubuta, Baba. Shafi tara na yi ina zuba a kan wannan lema, ina jin kaina wani shahararre.

A cikin malaman akwai wata tsohuwar farfesa da ɗalibai ke kira Jan Biro, don ba a taɓa miƙa mata takarda ta dawo da farinta ba. Tun da na fara ta jingina haɓa a kan sandarta. Da na gama sai ta tambaye ni wane bugu na littafin na karanta. Na ɗaga nawa na nuna mata. Ta buɗe jakarta ta fito da wani tsoho mai kauri, bangonsa ɗaure da roba. Tun nan na sha jinin jikina. Nawa shafi ɗari da ashirin ne, nata ya haura ɗari uku. Ashe shekara uku ina aiki da taƙaitaccen bugun da aka yi wa 'yan makaranta. An ma rubuta haka da ƙananan baƙaƙe a bayan shafin farko, ni ne ban taɓa dubawa ba, tunda na kalli fim ɗin ya fi sau ashirin, ina ganin na haddace labarin.

Ta miƙo mini nata ta ce in buɗe shafi na ɗari biyu da goma sha ɗaya in karanta da ƙarfi. Na karanta. Matar ta ɗauko lemar mijinta ne ta kawo tasha, don kada ruwa ya taɓa shi in ya sauko daga jirgi. Ruwa ya tsuge, ta ƙi buɗewa, domin tasa ce, shi ta kawo wa. Haka ta tsaya riƙe da ita a naɗe har jirgin ƙarshe ya wuce bai sauko ba.

Na rufe littafin. Farfesa ta ce duk littafin a kan lemar nan ya rataya. Masu fim sun yar da ita, masu taƙaitawa sun yar da ita, ni mai neman digiri ban san da ita ba, mutum ɗaya da ya riƙe ta shi ne wanda na kira jahili. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka.

Da a nan aka tsaya, da na ce kuskuren karatu ne, kowa na yi. Amma sai ta tashi ta dogara sanda har gaban hoton, ta nuna ɗan tabaran nan da kake zanawa a kusurwar ƙasa. A kundina na ce ado ne kawai marar ma'ana. Ta tambaye ni wane ne mai zanen, yana raye, a ina na samo hoton.

Baba, na ce wani tsoho ne a unguwarmu.

Ba wanda ya tilasta ni. Bakina ne ya faɗa, kuma na ji lokacin da ya faɗa. Na yi ta gaya wa kaina ƙa'idar bincike ce ta sa na ɓoye sunanka, amma ƙarya ne. Abokan karatuna 'ya'yan malamai ne da manyan ma'aikata, ni kuwa ban so a san a cikin warin fenti na tashi ba. Shi ya sa ma na ce kada ka zo. Kujerun ba abin da ya same su.

A hanyar komawa ɗaki ne abin ya faɗo mini. Na ga Inna, Allah ya jiƙanta, zaune a kan kifaffen bokiti a rumfar aikinka, da tabaranta mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, tana karanta maka littafi kana haɗa launi. Na tuna kana cewa fim ba ya isowa sai ana gobe za a haska shi, kai kuwa mako guda kafin nan ake son hoto, shi ya sa take nemo littafin ta karanta maka. Na kuma tuna ni a bayan labule ina ɗaga murya wai ku rage surutu, karatu nake yi. Karatu! Ashe tabaran nan nata ne, sa hannunta ne a gefen naka. Ni da aka haifa a gidan na kasa ganewa, sai baƙuwa ce ta tsaya a kansa.

Farfesa ta ce ba za ta sa hannu a babin ba sai na nemo mai zanen an ji ta bakinsa. Ina so in ce ba don sa hannunta na rubuto maka ba, amma kada in ƙara wata ƙaryar a kan ta baya, har da shi. Sai dai ko da babu shi, da sai na rubuto.

Ban san da wane ido zan dube ka ba. Ka yafe mini in za ka iya. In ba za ka iya yanzu ba, ba ni da bakin magana.

Ɗanka mai laifi,
Farar Riga

Ranar Laraba

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga mahaifi, ina fatan ƙafa ta yi sauƙi. Yaya, na gode, Allah ya bar zumunci.

Kwana goma sha biyu ina sauraron amsa, har na fidda rai, sai jiya direba ya kawo ƙunshi. Da na buɗe sai ga littafin Inna, mai kaurin. Ban san yana gidan ba, ko da yake ina zan sani, tunda ban taɓa tambaya ba. Na buɗe shafi na ɗari biyu da goma sha ɗaya, ga shatin babban yatsanka da shuɗin fenti a gefen layin lemar.

Na karanta saƙon da ka sa Yaya ta rubuta. Ka ce “bai yi karatu ba” gaskiya ne, kada in goge, ba a gyara kundi da ƙarya. Ka ce abin da ya dame ka shi ne “na uku”, wai su wane ne na ɗaya da na biyun, a kawo aikinsu a gani. Na yi dariya har hawaye ya zo, daga nan kuma dariyar ta ƙare hawayen bai tsaya ba. Ka ce gyara ɗaya kake so: in rubuta cewa mai zanen mutum biyu ne, ɗaya da baki, ɗaya da hannu. Na rubuta, da sunanta da naka, a shafin farko na babin.

Amma akwai abin da Yaya ta ƙara a ƙasa da kanta, wanda na san ba ka sa ta ba. Yaya, ki yi haƙuri na tona ki. Ta ce ba ta tsallake komai ba, kuma da ta zo wurin “wani tsoho a unguwarmu” ka sa ta maimaita sau biyu, sannan ka tashi ka fita ka zauna kana wanke burusan da ka riga ka wanke. Ba ka ambaci wannan layin a saƙonka ba ko da kalma ɗaya. Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yau da safe na je ofishin Farfesa. Ban ko zauna ba na gaya mata mai zanen mahaifina ne. Ba ta ɗago daga takardar da take yi wa jan layi ba. Ta ce tun ranar ta yi zargin haka, domin mutum ba ya yi wa baƙo irin wannan raini, sai na gida. Na roƙe ta ta ba ni minti biyar a taron mako mai zuwa, in faɗa a ɗakin da na yi ƙaryar, gaban waɗanda suka ji ta. Ta ba ni uku.

Saura abu ɗaya. Yaya ta ce shekara tara ke nan tun rasuwar Inna ba wanda ya zauna ya karanta maka littafi. Ita yara sun sha mata kai, tana da uzuri. Ni fa? Ɗakina cike yake da littattafai har ƙarƙashin gado, ina ta rubutu a kan yadda labari ke tafiya daga hannu zuwa hannu, ban taɓa kawo maka ko shafi ɗaya ba.

Maganar zuwanka jami'a mu bar ta tukuna, in ka ga dama ka zo, in ba ka ga dama ba Farfesa ta jira. Ni ne zan zo. Ranar Juma'ar bayan taron in Allah ya yarda zan biyo motar safe da littafin Inna. Daga shafin farko zan fara, ba tsallake, ba taƙaitawa, ko da zai kai mu wata guda. Muryata ba ta kai tata ba, kuma na san za ka yi ta gyara mini, na yarda.

In bokitin nan yana nan, a kifa mini shi a rumfa. Yaya, kada ki goge fentin da ke jikinsa. Farar rigar zan sa.

Ka huta lafiya, Baba.

Naka,
Ɗan mai zane