Taliyar da Na Mayar

Zuwa ga ɗiyata,

Bayan sallama. Na san wannan takarda ba za ta iske ki ba. Na rubuta ta ne domin akwai maganar da na riƙe har lokacinta ya wuce.

Yau kwana hamsin da rasuwarki. Gida lafiya. Mahaifiyarki ta fara fita tsakar gida, amma har yanzu ba ta iya shiga ɗakin ajiya inda kika jera buhunan laimar kwaɗi, irin wadda ake ci, da kika koyo nomanta a jami'a. Ni nake yayyafa musu ruwa safe da yamma. Sun ci gaba da tsirowa a bayanki, sai dai kullum raguwa suke yi. Ta ƙarshe na tsinka yau, ba ta cika tafi biyu ba.

Kin tuna makon da likita ya hana ni nama? Kika dafa mini taliya da laimar nan da alayyafo, kika aiko zaure. Baffanki na Shagari yana zaune. Ya buɗe kwanon, ya yi dariya, ya tambaya ko tsiron juji ake ciyar da ni yanzu. Na rufe, na ce a mayar. Ba ƙyama ba ce. Kunyar yayana na ji, na fifita ta a kan wahalarki. Ba ki sake dafawa ba.

Yau da hantsi na shiga madafa, karo na farko tun da na yi aure. Na bi abin da kika rubuta a bangon littafinki: a goge laimar, kada a wanke; a soya ta da tafarnuwa har ta yi ja kafin a sa gishiri; alayyafo daga ƙarshe; a rage ludayi ɗaya na ruwan taliyar. Minti ashirin na gama. Loma ɗaya kuwa, minti nawa za ta ci mini a ranar da kika aiko taki?

Baffanki ya zo duba mu. Na kai kwanon zaure da hannuna, na ajiye a gabansa, na gaya masa girkin wace ce. Bai yi dariya ba. Mun cinye.

Ke ce ɗiyar fari, don haka ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa yaba miki a gaban mutane ba. Na ɗauka kin sani. Kin sani kuwa?

Ta yi daɗi, Asma'u.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sada mu inda babu rabuwa.

Mahaifinki,
daga Boɗinga