Na Sallama Kujerar Matuƙi a Jirgin da Ba Shi da Kujera

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, don a Daura in aka ce dillalin tumaki mai guntun gemu da dogon baki, kowa ya san ƙofar gidan. Don Allah ku ba ni shawara. Wanda zai zage ni ya zaga, amma ya bari ya kai ƙarshe tukuna, don ni ma na riga shi farawa. Ku yi haƙuri da rubutuna, aji uku na yi a firamare na gudu, na ukun ma rabinsa a kan mangwaron hedimasta na yi shi.

Sana'ata dillanci, sama da shekara talatin ina bin kasuwa, Daura, Mashi, Baure, wani lokaci har tsallaken iyaka. Wanda bai san aikin ba, ga shi a taƙaice, ba ka yin ƙarya amma ba ka barin gaskiya ta fito ba riga. Tunkiya in ta rame ka ce ba ta da kitsen banza, rago in yana tunkuyin mutane ka ce lafiya ce ta yi masa yawa. Sannan in aka ce na sallama, aka tafa hannu a gaban jama'a, magana ta mutu, ba a tayar da ita. Ku riƙe wannan da kyau, don a nan na rataye kaina.

Ina da 'ya, sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, karatun injiniya, ba zan faɗi wace jami'a ba. Ita da 'yan ajinsu huɗu suna ƙera jirgin sama, ƙarami ne, fikafikansa in an buɗe ba su wuce tsawon ƙyauren zaure biyu ba. Kyamara za a sa masa a ciki, ya bi saman gona ya nuna inda tsutsa ta fara cin masara tun kafin manomi ya gani da idonsa. Ba mai shiga ciki, daga ƙasa ake juya shi da rimot mai ƙaho biyu, kuma Uwata ce mai riƙe rimot ɗin. Shekara biyu tana koyo, ta kayar da ƙananan na gwaji guda biyu, ɗaya a kan rufin ɗakin kajin makaranta, ta ce kwana uku kajin ba su yi ƙwai ba. Ran da ta nuna mini bidiyo a waya na ce to direban a ina zai zauna, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Baba ai marar matuƙi ne. Kalmar ta yi mini daɗi, na ajiye ta a aljihu, da ma na bar ta a inda na tsince ta.

Jikin jirgin sun gama, saura inji mai ƙarfi da batura da kyamarar kirki, su ne masu tsada. Makaranta ta ba su ɗakin aiki da addu'a, sauran an ce su nemi kamfanin da zai ɗauki nauyi, a manna sunansa a jikin jirgi. Jama'a abin da yaran nan suka gani a wurin masu kamfani, sai dai ku ji da kunnenku. Wani wurin maigadi ya karɓi takardar neman taimakon da suka rubuta, suna juya baya ya shimfiɗa ta ya zuba gyaɗa a kai. Wani ya zaunar da su tun safe har azahar, ya sallame su da kalanda ta bara da hula biyu, su biyar. Wani manaja kuwa ya saurare su tsaf, yana gyaɗa kai, a ƙarshe ya tambaya ko jirgin zai iya ɗaukar hoton bikin ƙanwarsa daga sama. Duk garin nan wanda ya taimaka ba tare da ya nemi komai ba, maƙwabcina ne ɗan Ibo mai sayar da kayan gyaran babur, ya ba Uwata wayoyi da caja, ya ce in jirgin ya tashi a nuna masa.

To da ta zo hutu tana ba uwarta labari kamar za ta yi kuka, sai bakin nan nawa ya ce ba ni takardar. Akwai wani Alhaji ɗan garin nan, kamfanin taki da iri gare shi, ofishinsa na Kano amma duk ƙarshen mako yana gida. Tare muka yi firamare, tare muka gudu, a kan mangwaron nan shi ke tsinka ni ke gadi. Yau shi ranka ya daɗe ne, ni kuma in na shiga majalisarsa a bakin takalma nake zama. Duk shekara ta hannuna yake sayen ragunan layya. Yana da ɗa, ya tura shi waje koyon tuƙin jirgi, yaro ya yi shekara uku ya dawo da baƙin tabarau ba takarda. Gari na ce masa Kyaftin, shi yana amsawa, bai san da wace murya ake faɗa ba. Uban ya sani, kuma abin yana cin sa.

Ranar Asabar bayan la'asar na je, majalisa cike. Na miƙa takardar, da Turanci take, Alhaji ya miƙa wa manajansa, wani mai gilashi da ba ya dariya sai maigida ya yi. Ya karanta ya ce ɗalibai ne suka ƙera jirgi. Alhaji ya dube ni ya ce kai Dillali, jirgi jirgi, mai tashi sama? Na ce mai tashi ranka ya daɗe, na gan shi da idona. Ya ce mutum nawa yake ɗauka, na ce wallahi bai taɓa kukan nauyi ba. Aka yi dariya, na ji kasuwa ta buɗe. Ya ce wa ke tuƙa shi. A nan ne na langaɓe kai, na yi fuskar tausayi irin ta mai sayar da marainiyar akuya, na ce ai nan ne matsalar ranka ya daɗe, jirgin marar matuƙi ne.

Wasa nake, Allah shi ne shaida, jira nake manajan ya yi bayani a sake dariya. Sai na ga Alhaji ya gyara zama. Ya ce jirgi guda ba matuƙi, ga Kyaftin yana zaune a gida yana cin shinkafa? Ya ce ni zan ɗauki nauyin komai, amma kujerar ta Kyaftin ce, ka sallama? Ya miƙo hannu. Na dubi manaja, ya san komai tunda ya karanta, sai ya duƙar da kai yana goge gilashi. Jama'a shekara talatin hannuna in ya ga an miƙo hannu ba ya shawara da ni. Na ce na sallama. Aka tafa, wani malami a gefe ya ja fatiha, aka shafa.

A kan babur ina komawa gida dariya nake har mai acaɓa ya tambaya ko lafiya. A raina na ce kwana biyu za a gane, a yi raha, Alhaji ya ce Dillali ba ka da dama, ya sa hannu. Uwata kuma na ce mata an dace, saura 'yan gyare-gyare, ta koma makaranta da murna.

Kafin mako ya zagayo, telan bakin kasuwa ya rataye farar riga mai igiyoyin zinare a kafaɗa, kowa ya wuce sai a ce masa ta Kyaftin ce. Maroƙi ya fara yawo da lasifika yana cewa ɗan Alhaji zai tashi jirgin jami'a. Wata tsohuwa ta tare ni a hanyar masallaci ta ce in sa baki a rage mata hanya zuwa Kano, mota na sa ta amai. Mutanen majalisar nan, a cikinsu akwai masu digiri, akwai tsohon malamin makaranta, ba wanda ya buɗe baki ya ce jami'a ba ta ƙera irin wannan jirgin, kowa sai Allah ya sanya alheri. Sai da maganar ta game gari sannan manaja ya nemo bidiyon jirgin ya nuna wa Alhaji, ya kuma tabbatar ya ce ni na ruɗe su.

Aka aiko na je. Wannan karon falo aka kai ni, mu huɗu, ni da Alhaji da manaja da wani ƙanin Alhajin. Na durƙusa na ba da haƙuri, na ce wasan yarinta ne ya bi ni har tsufa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ka mayar da ni abin dariya a garin ubana, amma kai dillali ne, ka sallama a gaban mutane, an yi fatiha. Ya ce ba kujera, na ji, amma akwai rimot, to rimot ɗin shi ne kujerar. Ranar gwaji a gaban malamai da 'yan jarida Kyaftin zai tsaya da farar rigarsa ya riƙe, kuma a takarda a sa sunansa a matsayin matuƙi. Na ce ranka ya daɗe yaron nan in ya riƙe, jirgin a kan wani zai sauka. Sai manaja ya yi gyaran murya ya ce ai ya yi tunanin wannan, rimot biyu za a yi. Na Kyaftin ba batir, ya yi ta murzawa a gaban kyamara, ita kuma yarinya ta tsaya bayan mota da na gaskiya ta tashi jirgin, ba wanda zai gan ta. Ya faɗa yana murmushi kamar ya gano maganin sauro. Ƙanin Alhaji ya ƙara da cewa ai mace ce, gobe aure za ta yi, me za ta yi da suna.

Wallahi na sha shiga turken da aka kwana uku ba a share ba, ban taɓa jin wari irin na falon nan mai ƙamshin turare ba. Kuma abin da ya fi ba ni ƙyama, ni da ake cewa ba a kayar da ni a magana, na buɗe baki na ce to ranka ya daɗe, a ba ni lokaci. Ya ce zuwa Juma'a. In an yarda, ran Litinin kaya su iso. In ba a yarda ba, kowa ya kama gabansa, kuma ya san duk wanda yaran za su je wurinsa a jihar nan.

Na gaya wa uwar yarinyar. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce shekara talatin kana sayar da na mutane, yau ka shigo gida ka kama na ɗaka. Ta tambaye ni ko an ba ni la'ada. Tun ranar in ta kawo tuwo a bakin ƙofa take ajiyewa kamar na baƙo, miyar ma ina zargin da gangan ake rage gishiri, kuma ban isa in yi magana ba.

Ga inda na kasa. Yaran su biyar ne, wannan jirgin shi ne aikinsu na fita, in bai tashi kafin jarrabawa ba duk su biyar abin zai shafa, kuma sauran huɗun ba su ci mini komai ba. In na kai wa Uwata maganar rimot biyu, na san halinta, saboda abokan aikinta za ta iya cewa ta yarda, ta je bayan mota ta tsaya, shekara biyunta ta tafi a kafaɗar farar riga. Ban ma san ko malamansu za su yarda ba, in suka gano daga baya kuma wa za a kora, ɗan Alhaji da ba ɗalibi ba ko ita? Shekaranjiya ta kira ta ce Baba ya ake ciki, na ce ana kan ciniki. Ta ce to duba wayarka. Hoto ne, wutsiyar jirgin, sun rubuta DILLALI da jan fenti. Ta ce su biyar suka yanke, tunda ni na samo musu mai ɗaukar nauyi, kuma fentin mota ne, ba ya fita.

Jiya a kara, kasuwar dabbobi, ina tsaye wani yaro sabon shiga ya sallama ragon wani Bafulatani ba tare da ya waiwaye shi ba, ni da bakina na tsawata masa, na ce kai dillali baki ne kawai, mai kaya ke sallamawa, cinikin nan bai faɗa ba. Ina rufe baki na tuna hannun da na tafa a majalisar Alhaji. Tunkiyar mutane ban taɓa sallamawa ba sai mai ita ya ɗaga kai, amma abin 'yata ko tambayarta ban yi ba.

To jama'a ku faɗa mini. In koma wurin Alhaji in ce cinikin bai faɗa ba tunda mai kaya ba ta nan, in rasa shi, yara su rasa inji, in zama dillalin da ya tayar da magana bayan fatiha? Ko akwai wanda ya san wata ƙofa da yaran nan za su buga da ba sai an ɓoye kowa bayan mota ba? Masu karatu a cikinku, in sun je wurin malamansu da gaskiyar magana, za a iya ɗaga musu ƙafa? Wanda zai ce in yi shiru a yi rimot biyu, ya faɗa, ina so in ga fuskar mai irin wannan shawarar ko da a rubuce ne.

Kowace hanya na bi dai na lura a wuri ɗaya take ɓullewa, sai na kira mai kaya na gaya mata abin da na sayar. Shi ne abin da nake ta zagayewa har na zauna ina wannan dogon rubutu da yatsa ɗaya. Juma'a jibi ce. Ku taimaka ku gaya mini da wace kalma zan fara, don karo na farko a rayuwata na duba bakina ban sami komai a ciki ba.