Ni Ce Bakin Da Ake Sallamar Yara Da Shi

Doña Ofelia, don Allah ki agaza mini da shawara kafin ranar Alhamis, don ni kam kaina ya tsaya.

Ni malamar kimiyya ce a wata sakandare a nan Tucson ta Amurka, irin waɗanda gwamnati ke ɗaukar nauyinsu amma hukuma mai zaman kanta ke tafiyarwa. Kyauta ce, da ƙuri'a ake shiga, ɗan likita da ɗan mai wankin mota duk ɗaya. Karatun kuwa ba wasa. Yaranmu suna yin abin da ni sai a jami'a na gan shi. Ƙarshen shekara akwai jarrabawa, wanda ya faɗi ya maimaita aji. Ba mu da motar makaranta, ba ma raba abincin rana, kuma in yaro ya tafi ba a cike gurbinsa. Ranar shigar sababbi farfajiyar kamar kasuwar unguwarmu ta kudu, Sifaniyanci ta ko'ina. Ranar yaye ɗalibai kuwa sai kin laluba kafin ki ga mai kama da ni. Sannan a rataya ƙyalle a ƙofa cewa duk waɗanda muka yaye sun samu jami'a. Kuma ba ƙarya ba ne.

Da yake ni kaɗai ce mai jin Sifaniyanci a cikin malamai, ni ake kira tafinta in za a zauna da iyayen yaron da ya faɗi. Mataimakin shugaba, Mista Halvorsen, mutum ne mai sanyin murya, har ruwa yake miƙa musu. Sai ya ce wataƙila makarantar unguwa ta fi dacewa da yaron, can ba zai maimaita ba, amma zaɓi nasu ne. In juya musu yadda ya faɗa. To kin san mutanenmu masu Sifaniyanci, mun tashi ba a ja da malami. Uban zai yi ta murza hularsa a hannu, ya dube ni, ba Mista Halvorsen ba, ya ce, "Duk yadda kika ce, malama." Shi ke nan, ranar Litinin kujera ba kowa.

Da farko nakan yi kuka a mota. Yanzu ba na jin komai. In fito, in ci abincina, in shiga aji na gaba. Ko haushi babu.

Alhamis ɗin nan zaman Itzel ne. Yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, lissafi kaɗai ta faɗi, shi ma kaɗan ya rage. Bas biyu take hawa kafin ta iso, in an tashi kuma ba ta iya tsayawa ƙarin darasi, don ita ke ɗauko ƙannenta. Babanta, Don Rogelio, aikin rufin gidaje yake yi. Ranar da ƙuri'a ta faɗa kan 'yarsa, tukunya guda ta tamale, alalen masarar nan tamu, ya kawo wa malamai. Jiya ta tsaya bayan an fita ta tambaye ni ko ta fara kwashe littattafanta daga akwatinta na makaranta. Na ce mu jira Alhamis, da irin muryar da nake sanar da aikin gida.

Ban ce a sassauta karatu ba, tsananinsa ne ya kawo ni inda nake. Aikina kuma shekara-shekara ake sabunta shi. In ƙi shiga zaman ne? In ajiye aikin? Ko in shiga in yi abin da na saba?

Bakin Aro, Tucson

'Yata Bakin Aro,

Wadda zuciyarta ta mutu ba ta tuna bas nawa ɗalibarta ke hawa. Gajiya ce ta danne ki, kuma tana da magani.

Mu yi wa makarantar adalci. Tsananin karatu ba laifi ba ne, 'ya'yan unguwarmu ma sun cancanci malamin da ba zai rage musu mudu ba. Mista Halvorsen kuma ƙila har ransa gani yake zaɓi yake bayarwa. Abin da bai sani ba, a gidajenmu shawarar malami hukunci ce. Makarantar da ta buɗe ƙofa da ƙuri'a, sannan ta bar nisa da kunya suna tankaɗe mata ɗalibai, ya kamata ta rage tinƙaho da sakamakonta.

Kada ki ƙi shiga, don za a kira tafinta ta waya wadda ba ta san Itzel ba. Kada kuma ki ajiye aiki cikin wannan hali. Gobe ki sami Mista Halvorsen shi kaɗai, ba da faɗa ba. Ki gaya masa yadda iyaye ke ɗaukar maganarsa, ki roƙi ya faɗa da bakinsa cewa faɗuwa jarrabawa ba kora ba ce, kujerar Itzel tata ce. Ki je masa da mafita: ƙarin darasi lokacin cin abinci, ko wasu iyaye masu mota da ke bi ta unguwarsu. Ƙila ya ɓata rai, kuma ba zan yi miki alkawarin aikinki ba zai girgiza ba.

A zaman, kada a yanke magana nan take. Su tafi gida su kwana da ita, su ji ta bakin yarinyar. Maimaita aji da ciwo, in sun zaɓi tafiya bayan sun san suna iya zama, ba ki da alhaki.

Amma fa yarinyar nan tambaya ta yi miki, ba ki ba ta amsa ba. Da safe ki neme ta tun kafin a shiga aji, ki ce ta bar littattafanta inda suke. Allah Ya ƙarfafa miki gwiwa, Ya yi wa Itzel jagora.

Doña Ofelia