Abin da Inna ta ɓoye a tsohuwar waya

Doso, ranar Laraba.

Zuwa ga Yaya Hamani,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara wa kasuwar Lome albarka. Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi har tana zuwa barkar suna da kanta.

Wayar da ka aiko mata ta iso, amma sai da muka kai ruwa rana kafin ta taɓa ta. Tsohuwar ta kumbura, fuskarta duk ta tsage, ita kuwa ta ɗaure ta a bakin zane ta ce babu mai raba su. Mijina Saini ya ce a cire layi a sa a sabuwar, shi ke nan, wai komai a layi yake zaune. Mai gyara na bakin tasha ya ce a goge ta a huta. Da Inna ta ji haka, ranar ko dambu ba ta ci ba.

To ni, Bibata, da kuke wa dariya wai keken ɗinki kaɗai na sani, ni na zauna da wayoyi uku a kan tabarma. Na kwashe lambobi, na mayar wa kowa hotonsa, tun da da hoto take gane mutane. Sauran na juye a katin ajiya, na bar kwafi a tawa. Ko tsinke bai ɓata ba, kuma wallahi ina alfahari da kaina.

A nan na ga abin da take tsaro. Ka san kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunanka, lambarka ma hoton bargon da ka saya mata ne a kai. Saƙonninka na murya ne, Yaya, na shekara shida, ba ta goge ko ɗaya ba. Da na danna mata na farko a sabuwar wayar ta kau da kai, ta ce a wannan wayar muryar “wancan” ta fi fita, kamar ya yi ƙiba.

Don haka ka daina ƙorafin ba ta amsa maka. Ka ci gaba da aikowa, ana ji.

Ka gaishe da Gambi da su Jibo. Saini na gaishe ka, har yanzu kunyar maganar layin nan ba ta sake shi ba.

Ƙanwarka,
Bibata