Saifar Hansai

Litinin, 9 ga Oktoba, 2023
Makona na uku a ɗakin hoton ciki na asibiti. An kawo Hansai daga Darki, haƙarƙarinta na hagu duk tsagar wanzami. Na ga ƙulli a saifarta, santimita 3.2, gefensa sumul. Sau uku na auna. Malam Gwadabe, shugabana, bai ko kalli allon ba. "Rubuta saifar zazzaɓi, 'yar boko. Shekara ashirin ita muke rubutawa."

Talata, 10 ga Oktoba
Ban rubuta ba. Shi kuma ya ƙi sa hannu a nawa rahoton.

Alhamis, 12 ga Oktoba
Malam Labaran, mijinta, ya zo karɓar takarda. Wai gobe, in an tashi kasuwa, wanzami zai yi mata sakiya. Ƙarfe mai zafi a saifa! Ƙullin ya yi mini kama da tarin jijiyoyin jini. In aka huda shi, kafin a kai ta titi ta tafi. Tabbas kuwa sai babban hoto a Kano. Na rubuta takardar turawa, na kai wa likita da kaina. Na ce wa Malam Labaran, "Baba, don Allah kada ƙarfe ya taɓa ta." Ya ce, "'Yar nan, ke kika haife ta?"

Juma'a, 13 ga Oktoba
Duk motar da ta tsaya a ƙofa sai in leƙa. Ba su zo ba.

Laraba, 25 ga Oktoba
Ashe sun je Kano. Jijiyoyin jini ne, ba ciwon daji ba. Ba tiyata, a bar shi, a sake dubawa bayan wata shida. Malam Gwadabe ya karanta sakamakon a gaban kowa. "Ba na ce ba komai ba?" Malam Labaran ya ce na ɗaga musu hankali ana tsakar cirar gyaɗa, ko ƙwayar magani ba a ba su ba. Wanda bai mutu ba, ba a san an cece shi ba.

Litinin, 15 ga Afrilu, 2024
Hansai ta dawo ita kaɗai. Ba sabon tabo. Ta ce, "Ɗiyata, ke nake so ki duba ni." Santimita 3.2. Sau ɗaya na auna, na sa hannu. Sai da ta fita na tuna ban kai wa Malam Gwadabe ba. Mantuwa ce, ina jin.